Jakar goyo da ruwan Yuni: kurakuran da ke jiƙa mana kaya a Accra

Damina a Accra ba ta sallama. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman cikin Yuni, mutum zai baro unguwar Nima yana gumi, kafin ya kai mahaɗar Circle ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mai goye da kwamfuta ko takardun makaranta shi ke kwana ciki.

Kuskuren farko, yarda da bakin mai sayarwa. Zai ce jakar ba ta shan ruwa, har ya tsiyaya mata ruwan leda a gabanka ya gangare. Ƙyallen kam yana tare yayyafi, amma duk inda allura ta bi wajen ɗinki huda ce, ta zik ma ruwa na ratsawa. In gwanjo za ka saya a kasuwar Kantamanto, juya cikinta ka shafa. Ka ji danƙo, ko ka ga wani farin abu na ɓarewa, to shafen robar da ke tare ruwa ya mutu. Zafi da danshin garin nan ke cinye shi, kuma ba ya dawowa.

Wasu kan sayi rigar jaka, wadda ake lulluɓawa ta waje, su ce sun gama. Tana da amfani, sai dai ba ta rufe ɓangaren da ke manne da bayanka. Ruwa na bi ta wuya da kafaɗa ya sauka nan, kuma daidai wurin aljihun kwamfuta yake. A kan okada iska ma ɗage ta take yi.

Maganin daga ciki yake. Nemi leda mai kauri, irin babbar ta shara, wadda ta ɗara jakar tsawo sosai. Zura ta tun jakar babu komai, sannan ka zuba kaya. A nan da yawa ke ɓata aikin: su bar bakin ledar a buɗe ƙarƙashin zik, duk abin da ya ɗigo ya taru ciki. Matse iskar, murɗe bakin, lanƙwasa shi ƙasa ka cusa a gefe. Mai jakar roba ta musamman, wadda ake naɗe bakinta, ya naɗe sau 3 kafin ya maƙala. Baƙar ledar da aka ƙunso maka waakye (shinkafa da wake) kuwa, bar ta ga waakye. Kan caja mai ƙafa uku ko makulli sau ɗaya zai huda ta. Ko mai kaurin ma, sa cajar cikin safa. Lokaci-lokaci ka cika ledar da iska, ka murɗe ka matsa. In ta sace, canza ta. Fasfo da satifiket su samu tasu ƙaramar leda mai zik, a ciki.

Sai masu cusa jiƙaƙƙiyar lema ko ruwan leda mai sanyi tare da littattafai. Ledar da ta hana ruwa shiga ita za ta hana shi fita. Waɗannan aljihun waje ne wurinsu. A trotro, wato ƙaramar bas ta haya, jaka kan cinya, don ƙasan motar duk ruwan takalma ne.

Duk wannan na ruwan sama ne. In kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, kada ledar ta sa ka kutsa cikin ruwan. Ba a manta ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Circle ba. Nemi tudu ka jira.

Da isa gida, fitar da komai, buɗe kowane zik, rataye jakar kai ƙasa inda iska ke kaɗawa. In ka bar ta a rufe, funfuna za ta kama ta, warin kuma wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a daina zubarwa, suna tsotse danshi a ledar takardu. Idan duk da haka waya ta jiƙe, kashe ta, kada ka sa caji, ka ajiye ta inda iska ke wucewa. Binne ta cikin shinkafa ba ya hanzarta komai. Kamfanin Apple ma ya hana, saboda ɓurɓushin na iya lalata wayar.