Yadda Ake Shirya Wasan Dandali Don Nema wa Yaro Mai Naƙasa Gurbi a Makaranta

Da wuya a sami unguwar da babu yaron da ke zaune a ƙofar gida da hantsi, yana kallon sa'o'insa suna wucewa da jakunkunan makaranta, shi kuwa an bar shi domin shan inna ya taɓa masa ƙafa, ko ba ya ji, ko ba ya gani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara 9 kyauta, kuma dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shigarsu. Wa'adin ya cika, amma yaron yana nan a ƙofar gida, domin doka ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa unguwa sai an ɗauke ta an kai. Mutum uku ne suka fi dacewa da wannan ɗauka idan suka haɗa kai: malamin da ya san aji, mai wasan kwaikwayon da ya san yadda ake tara jama'a, da ɗan gwagwarmayar da ya san ƙofofin ofisoshi.

Hanyar da zan bayyana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yaran da ke tashe a watan azumi sun daɗe suna faɗa wa manya gaskiya cikin raha, kuma Malam Aminu Kano, tun yana malamin makarantar midil ta Bauchi, ya riƙa shirya wasannin kwaikwayo da ke tona yadda ake cutar talaka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, bayan da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a shekarar 1975, ɗalibai sun riƙa fita zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye suna tattara koken mutane suna mayar da shi wasa, aikin da malamai irin su Oga Steve Abah suka ci gaba da rayawa. Shi kuma Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Barazil, ya fito da dabarar tsayar da wasa a tsakiyarsa a gayyaci ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya.

Aiki yana farawa ne da sauraro, kuma a nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe, saboda suna zuwa da amsa a aljihu tun kafin su ji tambayar. A fara da zuwa gaban mai unguwa da limamin masallacin unguwar, a gaishe su yadda ya kamata, a faɗa musu abin da ake nufi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Daga nan a nemi shugabannin masu naƙasar su kansu, domin a garuruwa da yawa akwai sarkin makafi da sarkin guragu, akwai kuma ƙungiyoyinsu na zamani, kuma duk aikin da aka yi a kansu ba tare da su ba, aski ne a bayan mai kai. Matan da ke cikin tawagar su ne za su shiga gidaje, su zauna a tabarma da iyaye mata, tun da uwa ce ta san abin da ya sa ɗiyarta ta daina zuwa makaranta bayan mako biyu da shigarta. Kada a je da takardar tambayoyi ana cikewa a gaban mutane, domin da zarar an ga biro da takarda sai a ɗauka rabon tallafi ne, amsoshin kuma su koma irin waɗanda ake zaton mai rabon yana son ji. A yi hira kawai, a dawo masauki a rubuta abin da aka ji tun bai sha iska ba. Mako biyu ba su yi yawa ga wannan mataki ba.

Abin da za a ji sau da yawa ba shi ne abin da aka zata ba. Ana iya zuwa da tunanin cewa iyaye ne ba sa son karatu, sai a tarar uban yarinya ya kai ta har sau biyu, amma dakalin ajin ya kai gwiwar babban mutum tsawo, sai an ciccibe ta a gaban 'yan aji suna dariya. Wata uwar za ta sassauta murya ta ce matsalar banɗaki ce, domin yarinyar da ke rarrafe da hannuwanta ba za ta iya shiga masan makaranta ba, don haka take ƙin shan ruwa tun asuba har a tashi. Irin wannan magana ba a samunta a taron wayar da kai, sai a tsakar gida bayan an saba. Malamin da ke cikin tawagar ya koma makarantar da awo, ya auna tsawon dakali da faɗin ƙofa, ya duba nisan aji da banɗaki, ya ƙirga yara nawa ne masu naƙasa a rajista da nawa ne aka gani a unguwa ba sa cikinta.

Daga cikin duk abin da aka tattara, a zaɓi ƙulli guda ɗaya tak. Wasan da ya ɗauko bara da auren wuri da rashin kujeru da albashin malamai a lokaci guda, 'yan kallo za su watse suna cewa Allah ya kyauta, babu wanda ya san inda zai kama. A ganina ƙullin da ya fi dacewa shi ne wanda mutanen da ke zaune a wurin za su iya warware rabinsa da hannunsu, ragowar rabin kuma a san ofishin da za a nufa da shi.

Sai a gina labarin, kuma ba lallai ne a rubuta shi kalma bayan kalma ba. Ya isa a tsara fitowa uku ko huɗu da ba za su wuce minti 20 ba, 'yan wasan su yi ta maimaitawa da bakinsu har maganar ta zauna. A canza sunaye da kamanni yadda babu wanda zai nuna wani gida da yatsa ya ce da su ake. Akwai abu biyu da nake roƙon mai shirya wasan ya kiyaye. Na farko, kada a yi mugu tsantsa a cikin labarin. Hedimastan da ya ce babu gurbi yana da ɗalibai fiye da kujerunsa kuma babu kuɗin gyara a hannunsa, uban da ya tura ɗansa bara yana da bakuna da yawa da ke jiran abinci, kuma idan aka nuna su a matsayin azzalumai, hedimasta na gaske da uba na gaske da ke cikin 'yan kallo za su toshe kunnuwansu. Na biyu, kada a mayar da naƙasa abin dariya. Mun saba ganin mai lafiya yana kwaikwayon ɗingishi ko in'ina don a yi shewa, wannan kuwa ita ce ainihin cutar da aka fito yaƙa. Idan akwai mai naƙasar da ke son fitowa, shi ya fi cancanta da rawar, idan kuma babu, to su zauna a wurin gwaji su gyara wa ɗan wasan duk inda ya kauce. Raha tana da wurinta, amma a ɗora ta a kan mai iko da mai son zuciya.

Mu ɗauka labarin na wata yarinya ce da mahaifiyarta ta goyo zuwa ofishin hedimasta. Uwar ta durƙusa ta ce, "Malam, ga 'yarka na kawo, kullum sai ta yi kuka idan ta ga 'yan'uwanta sun tafi." Hedimasta ya dubi yarinyar, ya dubi dakalin aji, ya ce, "Inna, ba ƙi nake ba, amma wa zai riƙa ɗaukarta? Ki kai ta makarantar da aka tanadar musu." Uwar ta ce makarantar tana cikin birni, kuɗin mota na mako guda ya fi abin da take samu a sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta sake goya 'yarta ta juya. A daidai nan, lokacin da kowa ke jiran ya ga yadda za ta ƙare, jagoran fage zai tafa hannu ya tsayar da wasan.

Wannan tsayarwa ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, shi ya sa zaɓen jagoran fage ya fi zaɓen kowane ɗan wasa muhimmanci. Ana son mutum mai haƙuri, wanda ya iya girmama manya, wanda kuma zai iya danne nasa ra'ayin. Zai juya ga jama'a ya tambaye su ko abin da suka gani yana faruwa a nan, sannan ya tambayi abin da ya kamata uwar ta yi. Duk wanda ya ba da shawara daga inda yake zaune, sai jagoran ya ce masa, "Baba, bisimilla, shigo ka tsaya a matsayinta ka gwada mana." Ɗan wasan da ke riƙe da rawar hedimasta kuma kada ya sallama da sauƙi, ya kawo duk uzurin da hedimasta na gaske zai kawo, domin mafitar da ba ta sha gwaji a fage ba, ba za ta tsaya a ofis ba. Wani zai gwada faɗa, a ga faɗan ya rufe ƙofa. Wata za ta ce a mayar da ajin yarinyar zuwa ɗakin da ba shi da dakali, wani magini ya miƙe ya ce da buhun siminti kaɗan da yashi zai yi gangare. A bar mutum huɗu ko biyar su gwada, a kuma tabbata an ji muryar mata, ko da hakan na nufin a sake yin wasan daban a makarantar Islamiyya ta matan aure. Jagoran kada ya rufe da wa'azi, domin da zarar ya faɗi tasa amsar, mutane za su gane cewa tambayar da aka yi musu ta jeka-na-yi-ka ce.

Game da wuri da lokaci, ƙofar fadar mai unguwa ko filin makaranta bayan la'asar sun fi zauren taro, a kuma tashi kafin magariba. A sanar da hukumar da abin ya shafa tun da wuri. A jihar Kano, alal misali, akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i, kuma yana da kyau a bincika ƙa'idarta kafin a fita fili. Kada a raina ƙarfin irin wannan wasa a idon masu mulki: a ƙasar Kenya, wasan da marubuci Ngugi wa Thiong'o ya shirya da manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu a shekarar 1977 ya jawo aka tsare shi kusan shekara guda ba tare da shari'a ba, daga baya kuma a shekarar 1982 aka rushe dandalin. Saboda haka a nisanci hular jam'iyya da hoton ɗan takara, a kuma ƙi karɓar kuɗin duk wanda zai so a ambaci sunansa a fage, domin ranar da aka ce wasan na wane ne, rabin unguwa ya fita daga ciki.

Tun ana cikin muhawarar, mutum guda ya zauna gefe yana rubuta kowace shawara da sunan wanda ya ɗauki alkawari. Kafin a watse a karanta wa jama'a abin da aka rubuta, a sa rana. A nan ne ɗan gwagwarmaya yake karɓar ragama. Abin da unguwa za ta iya yi, a fara shi cikin makon, tun ƙarfe yana da zafi. Ma'aunin gangaren da keken guragu zai hau ba tare da wahala ba shi ne tsawon ƙafa 12 ga kowace ƙafa 1 ta tudu, ƙofa kuma ta kai faɗin kimanin santimita 90, kuma a gaya wa maginin wannan tun kafin ya kwaɓa siminti, domin gangaren da ya cika tsayuwa haɗari ne ga wanda aka yi dominsa. Abin da ya fi ƙarfin unguwa kuma, kamar gyaran banɗaki ko turo malamin da ya iya maganar hannu ta kurame, a rubuta shi a takarda ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makarantar (SBMC) zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a aika kwafi ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). A ambaci dokar 2019 a cikin takardar, da dokar jiha idan jihar tana da tata, a haɗa da awon da malam ya yi da adadin yaran da aka ƙirga. Wanda ya kai takardar kada ya baro ofis sai an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Boal da kansa, lokacin da ya zama kansila a birnin Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, da irin shawarwarin da 'yan kallo suka bayar a fage ya riƙa tsara ƙudurorin doka.

Ragowar aikin na malami ne, kuma shi ne mafi tsawo. Ranar da yarinyar za ta fara zuwa, ya riga ya yi magana da 'yan aji, ya tanadar mata wuri kusa da ƙofa, ya haɗa ta da ƙawaye biyu da za su riƙa biyo mata da safe. Yaron da ba ya ji sosai a zaunar da shi a gaba, malam kuma ya daina magana yana fuskantar allo, domin yaron yana karanta leɓɓansa ne. Wanda ganinsa ya yi rauni a riƙa karanta masa abin da aka rubuta da babbar murya. Duk sunan tsokana da aka laƙaba wa yaro saboda halittarsa, malam ya kashe shi tun ranar farko, ya kuma fara da kula da nasa bakin.

Idan ranar da aka sa ta zo, tawagar ta koma wurin da aka yi wasan, a gaban mutanen da suka yi alkawari, a karanta takardar nan layi bayan layi, a faɗi abin da aka cika da abin da ya rage. Idan takardar da aka kai ofis ba ta sami amsa ba, a sake shirya gajeren wasa a kan wannan shirun, a gayyaci sakataren ilimi ya zauna a sahun gaba kusa da mai unguwa, a tsayar da wasan a daidai inda uwar take jira a bakin ofis da kwafin takarda a hannunta.