Yadda ake sa ƙaramar taswira a gefen babba ba tare da ta ɓatar da mutane ba

Duk wanda ya taɓa aiki da Navigator na Photoshop (manhajar gyaran hoto) ko ɗan siririn hoton nan da ke gefen dama a VS Code (manhajar rubuta lambobin kwamfuta) ya san abin da nake nufi, babban allo yana nuna maka wuri dalla-dalla, ƙaramin yana nuna komai gaba ɗaya, a cikinsa kuma akwai ɗan akwati mai nuna inda kake. Masu koyo suna ɗora irin wannan ƙaramar taswira da Leaflet ko OpenLayers, kayan aikin sa taswira a shafin intanet, cikin minti goma su ce an gama. Wallahi ba a gama ba, duk aikin yana jikin akwatin nan.

Da farko ka ɗaure su da juna. In an ja babbar taswira akwati ya motsa, in an ja akwati babbar ta bi shi nan take, ba sai an ɗaga yatsa ba. Kuma fasalin akwatin ya zama daidai da na babban allon, in allon dogo ne shi ma dogo.

Na biyu shi ne inda ni na sha wuya. A aikina na farko da zarar mutum ya taɓa gefen akwatin sai tsakiyarsa ta yi tsalle ta dawo ƙarƙashin yatsa. A ƙaramar taswira tsallen bai wuce kan ashana ba, amma ka tuna in ta fi babbar ƙanƙanta sau 20, milimita ɗaya a nan milimita 20 ne a can, ka ga mutum ya bar unguwar da yake dubawa ke nan. Da idona na ga wata baiwar Allah tana gwadawa, sau uku tana ɓacewa, daga nan ba ta ƙara kai hannu wurin ba. Gyaran ba wuya, lokacin da aka taɓa ka ajiye tazarar da ke tsakanin yatsa da kusurwar akwatin, ka riƙe ta har a saki. Tsalle sai dai in an taɓa wajen akwatin, shi ma a tafi a hankali ido ya bi.

Na uku girma. Apple na cewa abin taɓawa kada ya gaza maki 44 a tsayi da faɗi, Google na cewa 48dp (maki da dp ma'aunan girma ne a allon waya). In an zuƙo sosai akwatin ya koma ɗigo, to ka faɗaɗa wurin kama shi ko da ba a gani, ko ƙaramar taswirar ita ma ta zuƙo kaɗan.

A waya ni dai a rufe nake barinta, da maɓallin buɗewa a kusurwa, don tana cin allo tana kuma cin data tunda taswira biyu ake saukewa. In wurin ba ya canzawa ma hoto guda ka sa kawai.

Maɓallan ƙara girman taswira da rage shi su zauna ɓangare ɗaya da ƙaramar taswirar. Sai ka miƙa wa wanda bai taɓa gani ba a ƙaramar waya, ka ce ya nemo wuri biyu masu nisa da juna, kai kuma ka yi shiru kana kallon yatsansa.