Takardun da za ka tara kafin ka shiga gaban kwamitin likitoci

Yayana ya yi shekara tara yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Katsina. Wata ranar Talata da hantsi bel ɗin inji ya ja hannun rigarsa, ya haɗa da hannunsa na dama. Yatsu biyu suka tafi, tsintsiyar hannu ta karye. Da yake ni ne malamin makaranta a gidan, ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardun neman diyya. Abin da na koya a watannin nan zan zayyana, ko Allah zai sa wani ya huta da wahalar da muka sha.

Ka fara sanin inda haƙƙin yake. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aikinsa. Masu kamfani ne ke zuba kuɗin, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu. Dokar ta yanka lokaci: a sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta zagayo. Sanarwar nan kada ka yi ta da baki kawai. Mu da baki muka yi, muna ganin ai a gaban kowa abin ya faru, daga baya aka ce babu komai a rubuce. Ka rubuta rana da lokaci da yadda abin ya auku da sunayen waɗanda suka gani. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimi a kan naka, ka riƙe.

Sai maganar mai ɗori. Gwaggonmu ta matsa a kai Yaya wurin wanda ya saba yi wa gidanmu ɗori, kuma na san dalilinta, ta ga aikinsa da idonta. Amma mai ɗori ba ya bayar da takarda. Hoton ƙashin da aka ɗauka a ranar farko, da kwanan wata a jikinsa, shi ne ke ɗaure raunin da wurin aiki. In aka yi wata biyu a gida sannan aka je asibiti, ka buɗe ƙofar a ce wataƙila a kan babur ya faɗi.

Daga ranar farko ka sayi fayil ɗin roba mai zif, duk takardar da ta fito daga hannun ma'aikacin asibiti ta shiga ciki. Katin asibiti, musamman lambar fayil ɗin da ke kansa, domin da ita za a zaƙulo tarihin jinyar a ofishin ajiyar kati. Takardar sallama in an kwantar da shi. Bayanin tiyata. Takardun magani da rasidai. Katin gashin ƙashi, wanda ke nuna ranakun da ya je. Hoton ƙashi kuwa shi kaɗai bai isa ba, ka nemi rubutaccen bayanin likitan da ya karanta shi. Kada ka naɗe hoton, kada ka bar shi a mota cikin zafin bazara. Rasidan nan na inji masu santsi rubutunsu gogewa yake yi, namu na watan farko fari fat suka koma. Ka yi musu fotokwafi tun da sauran baƙinsu, ka ɗauki hoton komai da waya ka tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp.

Ka duba suna. A katin asibiti an rubuta sunan Yaya da sunan kakanmu, a katin ɗan ƙasa da takardar albashi kuwa sunan mahaifinmu ne. Sai da muka je kotu muka yi takardar rantsuwa. Da tun ranar yankan kati na miƙa katin ɗan ƙasa aka kwafa, da an huta.

Inda na fi so ka tsaya shi ne rahoton likita, da kuma halinmu na dauriya. Na zauna a gefe likita ya ce, "Malam, yaya hannun?" Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, Likita, da sauƙi sosai." Wannan mutumin a daren jiya bai runtsa ba don zogi. Likita kuwa abin da ya ji shi ya rubuta. Da muka fito na ce, "Yaya, godiya ga Allah daban, bayani ga likita daban. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗa masa gaskiyar abin da ke damunka." Ya ce shi kunyar raki yake ji, magidanci da 'ya'ya shida. Na fahimce shi, haka aka rene mu. Amma kwamitin likitocin da zai auna nakasar kafin a biya diyya bai kwana da shi ba, takarda zai karanta.

Dabarar da ta fisshe mu ita ce littafin rubutu na 'yan makaranta. Matarsa ta riƙa rubutawa kullum da kwanan wata, da Hausa: yau bai iya sa maɓallin riga ba, buta ta suɓuce masa wajen alwala, da cokali a hannun hagu ya ci tuwo, ya kasa murɗa totur ɗin babur, zogi ya tashe shi sau uku, ƙarar injin markaɗe ta firgita shi. Shi muka kai wa likita a zuwa na gaba, kuma daga nan rahoton ya canza kama. Ka roƙi likita cikin ladabi ya rubuta ranar da ya fara ganin mai rauni, sanadin raunin, aikin da aka yi, abin da gaɓar ta daina iya yi tare da awo, da ko nakasar ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin. Ya kasance a kan takarda mai tambarin asibiti, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi da kwanan wata. Wannan kalma ta dindindin tana da nauyi, domin in nakasa ta hana aiki gaba ɗaya har abada, doka ta ce a riƙa biyan kashi 90 cikin 100 na albashin wata.

Rahoton ƙwararre ya fi ƙarfi. In ƙashi ne, ka nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Asibitin Janar Amadi Rimi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In ido ne ko kunne, a yi gwajin da ke fitar da awo a rubuce. Likita ba zai yanke cewa nakasa ta dindindin ce ba sai rauni ya warke ya tsaya inda zai tsaya, saboda haka ka shigar da nemanka da abin da ke hannu, ka kai rahoton ƙarshe daga baya. Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka saurari mai cewa zai samo maka rahoto ta bayan fage. Likitocin kwamiti za su duba gaɓar da hannunsu.

Fayil ɗin nan zai yi maka amfani a wasu wuraren: neman takardar shaidar nakasa a ƙarƙashin dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ko taɓa kuɗin fansho kafin shekara 50 in likitoci sun tabbatar mutum ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Ranar da aka kira Yaya gaban kwamitin, na jera takardun bisa kwanan wata, na asali a fayil ɗaya, kwafi a wani, ban bar na asali a hannun kowa ba. Na sa ya zo da riga mai maɓalli. Wani likita ya ce, "Malam, ɓalle mana maɓallin nan na sama." Hannuna har ya ɗaga zai taimaka masa, na mayar da shi kan cinyata. Yaya ya yi ta fama da yatsu ukun nan, ɗakin ya yi tsit, likitan yana kallo yana rubutu.