Jifan Tsira: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Wanda ya taso da ludo, ranar da ya fara zama wasan Dungeons & Dragons, da halin ludo yake zuwa. Wasa ne na labari, inda kowane ɗan wasa ke jan jarumi guda, ana jefa dayis don a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Na ga haka a wajenmu a Yelwa, nan Bauchi, inda mu shida muke haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar da dayis mai fuska 20 guda ɗaya tak, muna karɓa-karɓa. Ba a sa kuɗi, kafin wani ya ce caca ce. Kusan duk gardamarmu a kan jifan tsira take, wato jifan da ɗan wasa ke yi idan guba, tsafi ko wuta ta nufo jarumin da yake ja.

Rikicin farko shi ne wa zai jefa. Idan takobi aka kai, mai sara ne ke jefawa. Idan kuwa matsafi ya sako ƙwallon wuta, shi ba ya taɓa dayis mai fuska 20 ɗin, waɗanda wutar ta rutsa da su ne kowa zai jefa nasa. Lambar da za su nema daga matsafin take fitowa: 8, a haɗa da makin ƙwarewarsa da makin halin da yake tsafi da shi, kamar basira ko kwarjini.

Sai babban gadon ludo. Tunda shida ce ke fitar da ɗa daga gida, mutane sun ɗauka 20 ma ta gama magana. A dokar bugu na biyar, na 2014, ba haka ba ne. Fitowar 20 tana tabbatar da sara, amma a jifan tsira lamba ce kamar kowace: ka haɗa ta da makinka, idan ba ta kai ba, ka faɗi. Haka 1 ba faɗuwa ba ce kai tsaye. Kuma idan ana neman 15 ka haɗa 15 cif, ka tsira, ba sai ka wuce ba. Yana da kyau a iya lissafin nan da ka: kowace fuska kashi 5 ce cikin 100, saboda haka mai ƙarin 3 da ke neman 15 yana buƙatar 12 zuwa sama, fuska tara ke nan, kashi 45. Idan ya san haka, zai rage yi wa dayis tsawa.

Tsira ma ba lallai ta zama fita lafiya ƙalau ba. Ƙwallon wuta dayis takwas masu fuska shida ake zuba masa, matsakaicin ɓarnarsa 28. Wanda ya tsira rabi zai sha. Wani ƙanena ya taɓa miƙewa yana murna, sai mai jan labari, wato alƙalin wasan, ya ce masa, "Malam, zauna, cire 14." Makin ran jaruminsa, wato iya ɓarnar da zai jure, 12 ne.

Wannan ya kai mu ga jifan mutuwa, wanda nan ne aka fi tafka kuskure. Jarumin da makinsa ya koma sifili yana jefawa duk zagayensa, ba a ƙara masa makin hali ko na ƙwarewa. Daga 10 zuwa sama nasara ce. Nasara uku ya tsaya da rai, amma yana sume, bai tashi faɗa ba. Faɗuwa uku ya mutu. A nan kaɗai 20 da 1 ke da martaba ta daban: 20 ta farfaɗo da shi da maki ɗaya, 1 kuwa faɗuwa biyu ce.

Akwai kuma masu cakuɗa dokoki daga bidiyon YouTube. Wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 kashi biyar ya yi wa jifan tsira, har da na numfashin dodo da na komawa dutse. Bugun 2000 ya mai da su uku. Na 2014 ya ɗaura su kan halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini, kuma kowane rukunin jarumi ya ƙware a kan biyu daga cikinsu. Mu dai mun rubuta "2014" a bangon littafin makinmu, duk wanda ya zo da wata doka a waya sai mu nuna masa.