Babi na 7: Ƙarfen Buɗa Ganɗar Yaro da Yadda Ake Murɗa Shi a Gida

Darasi na 1: Ina ganɗa take?

Ku ɗaga harshe ku taɓa saman bakinku, can bayan haƙoran sama. Wurin nan mai tauri shi ne ganɗa. Ku taɓa mana, babu abin kunya, kowa a aji yana yi.

Ganɗa rufin baki ce, kuma ita ce daɓen hanci, kamar yadda rufin ɗakin ƙasa a gidan bene yake zama daɓen ɗakin sama. In ganɗa ta tsuke ta yi zurfi, hanyar iska a cikin hanci ma takan tsuke.

Ƙashin ganɗa ɓari biyu ne, dama da hagu, da mahaɗi a tsakiya. A jikin yaro mahaɗin bai gama ƙamewa ba, don haka likitan jera haƙora yana iya sa ƙarfe ya buɗa shi sannu a hankali, sabon ƙashi ya cike wurin. An fi yin aikin kafin balaga ta yi nisa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dabarar tsohuwa ce. Wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya bayyana ta a 1860, sannan Andrew Haas ya farfaɗo da ita a 1961.

Darasi na 2: Wane yaro ake dubawa?

Ku lura da yaro yana barci. Yana minshari kusan kullum? Yana kwana baki buɗe? Numfashinsa yana ɗaukewa, sannan ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? Wasu sukan haɗa da fitsarin kwance, da yawan juyi, da rashin natsuwa a makaranta. In akwai waya a gidan, a ɗauki bidiyonsa da dare a nuna wa likita, don yaro ba ya minshari a ofishin likita.

Sannan ku ce ya cije haƙoransa. Yadda ya kamata, turamen sama su ɗan rufe na ƙasa ta waje. In na sama suka faɗa ta ciki, alama ce ganɗa ta tsuke.

Ku fahimci wannan da kyau: minshari kaɗai ba ya sa a sa wa yaro ƙarfe. Abin da ya fi toshe wa yara numfashi shi ne kumburin tsokar bayan hanci da ƙululu biyu na gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil. Shi ya sa ake fara ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wani lokaci a yi gwajin barci na dare guda. Ƙarfen na yaron da ganɗarsa ta tsuke ne. Yana buɗa hanyar hanci, wasu yaran barcinsu ya gyaru, wasu kuma sai an haɗa da wani aikin. Kada a kai yaro wurin wanzami a cire beli da sunan maganin minshari. Cire beli ba ya buɗa ganɗa, ga kuma haɗarin zubar jini. A nemi sashen haƙori na babban asibitin koyarwa.

Darasi na 3: Murɗa ƙarfen

Wannan shi ne darasin da ya fi ba mutane wuya, don haka za mu daɗe a kansa. Kada ku karaya.

Likita yana liƙa ƙarfen a turamen sama da zobba biyu ko huɗu. A tsakiyarsa, daidai ganɗa, akwai ɗan noti mai huji. Kusa da notin akwai alamar kibiya da ke nuna wajen maƙogwaro. Za a ba ku ɗan siririn makulli. Murɗawa ɗaya takan buɗa ƙarfen kusan rubu'in milimita, wato murɗawa 4 milimita 1. Yawanci likita kan ce sau 1 ko sau 2 a rana. Abin da ya ce shi za a bi.

Ku wanke hannu da sabulu. Yaro ya kwanta rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗunsa, kansa ya ɗan koma baya, ya buɗe baki sosai. Wani ya haska tocila. In makullin ba mai mariƙi ba ne, ku ɗaura masa zare mai ƙarfi, ku zarga zaren a wuyan hannunku, don kada ya suɓuce yaro ya haɗiye.

Ku nemi hujin da ke gaba, wajen haƙoran gaba. Ku sa makullin ya shiga sosai. Ku tura shi baya, wajen maƙogwaro, yadda kibiya ta nuna. Ku ci gaba da turawa har ya tsaya da kansa, sabon huji ya bayyana a gaba.

Ku sake karanta wannan layin da ƙarfi: har sabon huji ya bayyana a gaba.

A nan ne akasarin iyaye ke tuntuɓe. Yaro ya yi ɗan motsi, uwa ta tausaya, ta tsaya a rabin hanya ta zare makulli. Tausayin ba laifi ba ne, amma ga abin da zai biyo baya: tsohon huji ya wuce baya, sabon bai iso gaba ba. Gobe a zo da tocila a yi ta nema, babu inda za a sa makulli. In haka ta faru, ku nemo tsohon hujin can baya, ku mai da makullin ciki, ku ƙarasa turawa. Har yaushe? Har sabon huji ya bayyana a gaba.

Saura cire makulli, nan ma akwai tarko. Hannu yakan so ya jawo makullin gaba, wajen leɓe, ta hanyar da ya bi ya tafi. In kuka yi haka kun warware abin da kuka murɗa, kamar wanda ya kulle ƙofa sannan ya sake buɗewa. Ku bar makullin a can baya inda ya tsaya, ku zare shi ƙasa, wajen harshe. Bayan ya fita ku sake haska tocila. Kun ga sabon huji a gaba? To an yi. Ba ku gani ba? Ba a yi ba, ko da yaro ya ce ya ji motsi.

Mu maimaita tare. A sa makulli a hujin gaba. A tura baya. A ga sabon huji. A zare ƙasa. A sake dubawa.

Kafin ku bar asibiti ranar da aka sa ƙarfen, ku yi murɗawar farko da hannunku a gaban likita. Kada ku ce "na gane" don jin nauyi alhali ba ku gane ba. Ku ce, "Likita, a sake nuna mini." Wanda ya yi tambaya sau uku ya fi wanda ya koma gida ya yi mako yana murɗa iska.

Duk murɗawa a rubuta ta. Ku ja layi a takarda, ku sa kwanan wata, ku yi alama bayan kun ga sabon huji, ba kafin nan ba. Ku tsai da lokaci guda, misali bayan sallar isha'i, kuma mutum ɗaya ya riƙe aikin. In uwa ta murɗa da safe, uba ya dawo da dare bai tambaya ba ya ƙara, lissafi ya rikice.

Haba jama'a, takarda da biro ba su da tsada. Mutum ya zo wurin likita a tambaye shi sau nawa aka murɗa, ya ce "da dai yawa"? Ƙashin fuskar ɗanka ne fa. Wanda kuma ya manta kwana 2, kada ya zo ya murɗa sau 3 a zama ɗaya wai yana rama bashi. Ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya gaya wa likita. In adadin da likita ya faɗa ya cika, a ajiye makulli, ko murɗawa ɗaya kada a ƙara.

Darasi na 4: Abin da za ku gani

Bayan kowace murɗawa yaro zai ji matsi a haƙora da karan hanci na ɗan lokaci, ya wuce. Kwanakin farko yawu zai yi yawa, magana ta ɗan canja.

Cikin mako 1 ko 2 wushirya za ta fito tsakanin haƙoran gaba biyu na sama. Kada ku firgita, ita ce shaidar mahaɗin ya buɗe. Yawanci takan rufe da kanta bayan an daina murɗawa.

Ku daina murɗawa ku koma asibiti in zobe ya saki, ko ƙarfen ya nutse cikin naman ganɗa, ko dasashi ya kumbura, ko ciwo ya hana yaro barci. Haka nan in makulli ya ƙi motsi. Kada ku sa ƙarfi, ku fara dubawa ko murɗawar jiya ce ba a ƙarasa ba, wato sabon huji bai gama fitowa gaba ba.

Darasi na 5: Abinci da tsafta

Kwanakin farko a ba shi kunu, koko, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi. Ban da rake, aya, ƙuli-ƙuli, goriba, cingam da alawa mai danƙo, suna ɓamɓare zobe.

Abinci yana maƙalewa tsakanin ƙarfe da ganɗa. A yi buroshi safe da dare, a kurkure baki bayan kowane cin abinci. Sirinji marar allura da ruwa mai tsabta yana fitar da abin da ya maƙale.

Darasi na 6: Bayan an gama

Murɗawa takan ɗauki mako 2 zuwa 4, amma ƙarfen zai zauna a baki wata 3 zuwa 6 don sabon ƙashi ya yi ƙwari. In minshari bai daina ba, a koma wurin likitan da ya fara duba yaron.

Manya mahaɗinsu ya ƙame, nasu sai da ƙananan kusoshi a ƙashi ko tiyata. Babba mai ɗaukewar numfashi a barci ya je a gwada shi tukuna.

Aiki

1. Likita ya ce sau 1 a rana, kwana 28. Milimita nawa ke nan?
2. Ku rubuta a littafinku sau 5: sabon huji ya bayyana a gaba.