Yadda Ake Kallon Fim ɗin Drive My Car Har a Fahimce Shi

Fim ɗin Drive My Car, wanda Ryusuke Hamaguchi na ƙasar Japan ya ba da umarninsa a shekarar 2021 bisa wani gajeren labari na Haruki Murakami, yana cin minti 179, kuma shi ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin ƙasashen waje a 2022. Abu na farko shi ne ka ware masa awa uku a zama ɗaya ka ajiye waya, domin manyan maganganunsa cikin sanyin murya ake faɗarsu, wanda kuwa ya ɗauke ido daga fassarar da ke ƙasan allo yana iya rasa abin da ya riƙe labarin. Ka sani kuma farkonsa yana nuna al'amuran ɗaki, don haka ba na kunnawa a gaban yara ba ne.

Kada ka ƙosa da minti arba'in na farko, ko da yake sai bayansu ne ma sunayen 'yan wasa suke fitowa. A nan aka binne laifin da sauran fim ɗin zai tono. Yusuke Kafuku ɗan wasan daɓe ne kuma mai ba da umarni, matarsa Oto tana rubuta wasannin talabijin, kuma sun rasa 'yarsu tana da shekara huɗu. Wata rana ya dawo gida ba zato ya tarar da ita da wani namiji, sai ya ja ƙofa ya fita bai ce uffan ba. Daga baya, wata safiya, ta ce masa tana son su yi magana idan ya dawo, shi kuwa ya yi ta yawo a mota yana jan lokaci don tsoron abin da za ta faɗa, da ya shigo sai ya same ta a ƙasa, jini ya zubo mata a ƙwaƙwalwa, abin da ya yi ajalinta. Ka riƙe wannan jinkirin a ranka, domin Kafuku ba zai ambace shi ba sai can kusa da ƙarshe.

Daga nan sai ka mai da hankalinka kan motar, wata jar Saab 900. A cikinta yake sauraron kaset ɗin da Oto ta karanta masa wasan Kawu Vanya na Anton Chekhov, ta bar gurbi a duk inda maganar Vanya take domin shi ya cike da bakinsa. Bayan shekara biyu, da ya je Hiroshima shirya wannan wasa, masu bikin wasannin daɓe da suka gayyace shi suka hana shi tuƙi suka haɗa shi da direba, Misaki Watari, mai shekara 23, daidai shekarun da 'yarsa za ta kai da tana raye. Ka lura da inda yake zama. Ya daɗe a kujerar baya yana hira da muryar matacciya kamar babu kowa a gaba, kuma daren da ya koma kujerar gaba, suka kunna sigari suka miƙa hannuwansu ta tagar rufin mota don kada hayaƙi ya kama cikinta, a ganina shi ne inda fim ɗin ya juya, ko da yake ba wanda ya furta haka.

Zai taimaka ƙwarai ka karanta taƙaitaccen labarin Kawu Vanya kafin ka zauna. Vanya mutum ne da ya wayi gari ya ga rayuwarsa ta tafi a banza, shi ya sa Kafuku ya kasa sake fitowa a matsayinsa, ya miƙa wa Takatsuki, matashin da yake zargi da neman matarsa. 'Yan wasan suna magana da Japananci da Koriyanci da Sinanci da yaren Tagalog, ɗaya kuma da maganar hannu ta kurame, Kafuku kuwa yana sa su maimaita karatu ba tare da nuna wani shauƙi ba. Waɗannan zaman gwaji suna da tsawo, amma kada ka tsallake su, saboda suna koya wa mai kallo irin sauraron da Kafuku ya kasa yi wa matarsa.

Idan tafiya ta kai Kafuku da Misaki Hokkaido, yankin da Misaki ta taso a arewacin Japan, kada ka jira wani ya wanke wani. Misaki ta faɗa cewa lokacin da ƙasa ta zaftaro ta rufe gidansu ta fito ta bar mahaifiyarta, wadda takan yi mata duka, a ciki ba ta nemi taimako ba, shi kuma ya yarda cewa ya ji ciwon abin da Oto ta yi amma ya danne, ya guje wa maganar da take nema. Ba wanda ya sauke nauyinsa a wurin. Abin da ya canza shi ne Kafuku ya amince ya hau daɓe a matsayin Vanya bayan 'yan sanda sun kama Takatsuki. A jawabin ƙarshe na Sonya, 'yar 'yar'uwar Vanya a cikin wasan, wanda aka yi da maganar hannu, ka raba idonka tsakanin fassarar da hannuwan 'yar wasan, idan kuma hakan ya gagara, ka mayar da wurin baya ka sake kallonsa.