Yadda ake sa wa WordPress kalmar sirrin da kwamfuta ta zaɓa

Duk wanda ya taɓa girka WordPress da hannu a sabar Linux ya san fayil ɗin wp-config-sample.php. A cikinsa akwai kalmomin riƙon ƙwarya uku: database_name_here, username_here da password_here. Ta ukun ce ta fi damuna, wato wurin kalmar sirrin rumbun bayanai (database), domin da yawanmu sunan ɗa ko shekarar haihuwa muke rubutawa a wurin. Gara kwamfuta ta zaɓa mana.

Fara da kwafe samfurin, ka bar na asali yadda yake:

cp wp-config-sample.php wp-config.php

Sai ka samar da kalmar, ka ajiye ta:

KALMA=$(openssl rand -hex 16)

Za ka samu baƙaƙe 32, lambobi da haruffan a zuwa f kawai, wato hex. Kada ka dogara da $RANDOM na bash, iyakarsa 32767, cankarsa ba wuya.

Yanzu musanyar, da umarnin sed mai sauya rubutu a cikin fayil:

sed -i "s/password_here/$KALMA/" wp-config.php

Lura, alamar zance mai biyu aka sa. Da mai ɗaya ce, kalmar $KALMA kanta za ta shiga fayil ɗin. A macOS kuma sai ka rubuta sed -i '' kafin sauran.

Me ya sa na nace kan hex? Nan ake yawan yin tuntuɓe. Idan ka ɗauki base64, wani tsarin baƙaƙe da openssl ke iya bayarwa maimakon hex, wata rana alamar / za ta faɗo cikin kalmar, alhali da ita sed ke raba sassan umarninsa, sai ya tsaya da kuskure. Alamar &, wadda wasu manhajojin ke cusawa, ta fi wannan sharri: sed ba zai ce uffan ba, zai mayar da password_here daidai inda take, ka tashi da kalmar da ba ita ka samar ba. Alamar zance mai ɗaya kuwa PHP za ta rikita. Hex ba ruwansa da ko ɗaya, tsawonsa kuma ya wadatar.

Duba da idonka:

grep DB_PASSWORD wp-config.php

Saura rumbun bayanai, shi ma dole ya san sabuwar kalmar, in ba haka ba shafin ba zai buɗe ba. Sauya wpuser da sunan da ka yi amfani da shi:

sudo mysql -e "ALTER USER 'wpuser'@'localhost' IDENTIFIED BY '$KALMA';"

Daga nan ka goge ta da unset KALMA. A Debian ko Ubuntu, mayar da rukunin fayil ɗin www-data, wato rukunin da sabar yanar gizo ke aiki da shi, ka yi masa chmod 640. In kana aiki da Git, sa wp-config.php cikin .gitignore tun kafin ka tura komai.